Mai Sana'a da Mai Hoto: Me Za a Nuna wa Mai Saye?

A shekarun baya, in mutum yana bukatar ɗinki, ko gadon katako, ko buhun citta, da ƙafarsa yake zuwa. Ya gaisa da mai kaya, ya tambayi iyali, ya taɓa kayan da hannunsa, ya juya su ciki da waje, sa'an nan a shiga ciniki. Ko bai san mai shagon ba, a kasuwa ba a rasa wanda zai ce, "Ai ɗan gidan wane ne, ka saki jikinka." Tun da wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a shekarar 2001 al'amarin ya soma canzawa, yanzu kuwa ciniki mai yawa ya koma cikin waya. Mace tana zaune a Legas ko Fatakwal ta sayi turaren wuta daga Maiduguri, ko acca daga Jos, ko kilishi daga Kano. Ta tura kuɗi ta banki, a kai kayan tasha a ba direba. Ba ta taɓa ganin mai kayan ba, ba ta kuma da wanda za ta tambaya. Abin da ke gabanta kaɗai shi ne hoto.

A watan Janairu na 2018 WhatsApp ya fito da manhaja ta musamman domin 'yan kasuwa, a 2019 kuma aka ƙara mata wurin jera hotunan kaya da farashinsu. Haɗe da Facebook da Instagram, mai soya cincin a bayan gida ta sami kanti a cikin aljihun mutane ba tare da ta biya haya ba. Wannan ne ya sa muka ga ya kamata mu yi magana da masu karatunmu, teloli da kafintoci, masu kitso da masu walda, masu yin sabulu da masu sayar da zuma, a kan hoton da suke sawa a gaban sana'arsu. Gama mai saye na nesa cinikin biri a sama yake yi, hoton nan kuwa shi ne ke tsaya masa a matsayin wancan dattijo na kasuwa da ke cewa ya saki jiki.

In mai karatu ya buɗe wayarsa ya duba lambobin masu sana'a da ya ajiye, zai ga abin da muke nufi. Wani hoton fasfo ya sa, fuska a murtuke kamar wanda aka kama. Wata ta yanko kanta daga hoton biki, kafaɗar ƙawarta tana nan ba ta fita ba. Wani fure ya sa, wani motar da ba tasa ba. Kayan kuwa an shimfiɗa su a kan gado da dare, a ƙarƙashin ƙwan lantarki mai ja, har ba a iya bambanta shuɗi da baƙi. Sau da yawa aikin mai kyau ne ƙwarai, hoton ne ya ci amanarsa.

Waɗanda suka girma a Sabon Garin Kano, ko Kaduna, ko Jos, ko Kafanchan za su tuna shagon mai hoto na da. Akwai labule mai zanen bene ko jirgin sama, akwai furen roba, akwai wayar tarho wadda ba a haɗa ta da kome ba. Ranar Kirsimeti masu hoto sukan yi layi a bakin majami'a, ranar Salla kuma a hanyar filin Idi, a ɗauka yau, a jira kwanaki kafin a wanko. Haka abin yake a ko'ina cikin Afirka ta Yamma. Wanda ya fi suna a wannan fanni shi ne Seydou Keïta na Bamako a ƙasar Mali, ɗan kafinta, wanda ya buɗe shagonsa a 1948. Yana ajiye kwat, da agogo, da alƙalami, da rediyo, da babur ƙirar Vespa, domin duk wanda ya zo ya ari abin da yake so a gan shi da shi. A tsakar gida yake ɗauka, da hasken rana, kuma galibi sau ɗaya tak yake danna kyamara ga kowane mutum domin fim yana da tsada. Ya rasu a 2001, hotunansa kuwa suna rataye a manyan gidajen adana kayan fasaha na Turai da Amurka.

Ba mu ga laifin wannan aro ba. Saurayin da ya dafa rediyon Keïta ya san ba nasa ba ne, uwarsa da aka aika wa hoton a ƙauye ita ma wataƙila ta sani. Buri ne aka ɗauka a hoto, an kuwa rataye shi a bango domin a yi murna. Matsalar ita ce mun ɗauko wannan al'ada ta aro mun shigo da ita kasuwa, inda hukuncinta dabam ne. Mai saye yana ɗaukar duk abin da ya gani a cikin hoto a matsayin alkawari. In ya ga kujera mai sheƙi, ita yake jira. In ya ga shago mai gilashi da fitilu, can yake tsammanin zai same ka ranar da ya zo ƙorafi.

Teloli sun fi kowa faɗawa wannan rami. Tela ya ga doguwar riga a shafin wani mai ɗinki na Dakar ko Landan, ya kwafo ya sa a nasa shafin, bai ce shi ya ɗinka ba, bai kuma ce ba shi ba ne. Amarya ta gani, ta kawo leshinta mai tsada, ta biya rabin kuɗi. Ana gobe biki sai kuka. Har ya zama abin dariya a intanet, ana jera hotuna biyu, na abin da aka yi oda da na abin da aka kawo. Mu da akan kira mu zaman sulhu a unguwa mun san ba abin dariya ba ne. Yadin ya riga ya yanku, kuɗin an kashe, iyalai biyu da suke gaisawa sun daina. Abin takaici kuma, sau da yawa telan ya iya wani irin ɗinki da kyau, wanda da shi ya nuna, da ya sami masu so. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Hukuma ma ta sa baki. Dokar gasa da kare masu saye ta 2018 ta haramta wa mai sayarwa ya yi bayanin ƙarya ko mai ruɗarwa a kan kayansa, hoto kuwa bayani ne. Hukumar da ke kula da tallace-tallace ta ƙasa, watau ARCON, ita kuma ta hana amfani da baƙin fuskoki daga ƙasashen waje a tallan da ake yi wa 'yan Nijeriya, daga ranar 1 ga Oktoba, 2022. An fi nufin manyan kamfanoni da wannan, amma mai shagon aski a Tudun Wada wanda ya cika bangonsa da hotunan mawaƙan Amurka yana iya tambayar kansa ko kawunan da ya aske da hannunsa ba su isa a nuna ba.

Akwai ɗan Nijeriya da ya nuna hanya tun da daɗewa. J. D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya rasu a 2014, ya soma ɗaukar hotunan kitson matan ƙasar nan a 1968, ya ci gaba shekaru da dama har ya tara wajen 1,000. Da yawa daga cikinsu ta ƙeya ya ɗauka, ba a ganin fuskar mai kan. Babu fure, babu labule mai zane, bango ne fili, sai kitson kawai da haske yana bi ta kan tsagarsa. Duk mai kitso ko mai lalle da ta sami dama ta nemi waɗannan hotuna ta duba. Za ta ga cewa aikin hannu, in an ba shi fili da haske, ba ya neman ƙarin ado.

To, fuskar mai sana'a fa? Mu dai ra'ayinmu shi ne wanda ba shi da wani dalili na ɓoyewa ya nuna ta. Mutumin da zai tura maka kuɗinsa daga nisan kilomita 1,000 yana so ya ga idon wanda yake tura wa. Amma a ɗauki hoton a wurin aiki. Kafinta ya tsaya kusa da teburinsa, zarto da guduma a gefe, ƙofar da ya gama a bayansa. Tela ta zauna a kan kekenta da tef ɗin awo a wuya. Mai walda na Panteka ba ya bukatar aron kwat, rigar aikinsa wankakkiya ta fi yi masa shaida. A share wurin, a kwashe ledoji da robobin ruwa, a janye igiyar janareta, amma kada a mai da shagon abin da mai zuwa gobe ba zai gane ba. A dubi kyamara kamar yadda ake duban baƙon da ya yi sallama, gama shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Mutanenmu da yawa da zarar an ɗaga kyamara sai su sandare kamar soja a fareti. Mai hoto da ya san aikinsa yakan ja su da hira, ya sa su ci gaba da abin da suke yi, ya ɗauka a lokacin da suka manta da shi.

Akwai kuma waɗanda ba za su nuna fuska ba, kuma suna da hujja. Maƙwabtanmu mata da ke cikin kulle suna gudanar da ciniki mai ƙarfi daga cikin gida, na dambun nama, da alkaki, da humra, da kayan yara. Akwai 'yan mata da ke gudun fitinar maza a waya, akwai gwauraye da ba su so a san suna zaune su kaɗai. Ga irin waɗannan, hannu ya isa. Hannun da ke murɗa dubulan, ko yake zuba zuma a kwalba, yana gaya wa mai saye cewa akwai mutum na gaske a bayan wannan lamba. Kada mai hoto ya matsa wa kowa a kan wannan.

Yanzu sai batun haske, wanda shi ne rabin aikin. Baƙar fata tana da nata tarihi da kyamara. A shekarun 1950 kamfanin Kodak ya soma raba wa masu wankin hoto wani kati mai hoton Baturiya, wanda da shi ake daidaita launi a inji a wancan zamani. Watau farar fata ce ma'auni. Wata malamar jami'a a Kanada, Lorna Roth, ta bi diddigin wannan a wani bincike da ta buga a 2009, ta nuna cewa cikin abubuwan da suka sa aka gyara fim har da ƙorafin masu yin cakulan da masu kayan katako, waɗanda suka ga launin kayansu ba ya fita a talla. Wannan yana cikin dalilan da suka sa a tsofaffin hotunanmu masu launi akan ga haƙora da fararen idanu, sauran fuskar kuwa duhu. Kyamarorin yau sun fi na da nesa ba kusa ba, amma har yanzu in baƙin mutum ya sa farar shadda ya tsaya a rana, kyamara takan rikice. Ko ta bi rigar fuskar ta ɓace, ko ta bi fuskar rigar ta zama farin fili, aikin zaren da aka yi kwanaki ana yi a wuya ya tafi a banza.

Maganin ba tsada gare shi ba. A guji tsakar rana, lokacin da rana ke bisa kai tana haƙa ramuka biyu na inuwa a idanu. Da safe kafin ƙarfe 9, ko da yamma bayan ƙarfe 4, haske yana zuwa daga gefe kuma da taushi. Wuri mafi kyau a yawancin shaguna shi ne bakin ƙofa daga ciki, mai sana'a yana fuskantar waje, mai hoto yana tsaye a waje. In gefe ɗaya na fuska ya yi duhu, yaro ya riƙe farin zane ko farin kwali a wannan gefen, zai mayar da haske. A kashe ƙwan lantarki in ana ɗaukar yadi, domin yana ɓata launi, kuma a lura da rumfar leda mai shuɗi ko kore da ake kafawa a kasuwa, gama takan rina duk abin da ke ƙarƙashinta. Mai sayar da atamfa a Kantin Kwari ya san cewa launi kaɗan in ya kauce, kaya sun dawo. Aikin zare, da saƙa, da sassaƙa, da jima irin ta Naraguta, duka suna son haske ya zo musu daga gefe, ta haka ne tudu da kwarinsu ke fita. Hazon hunturu yana tausasa rana, wannan alheri ne, sai dai a shafa mai a fuska da hannu, a kuma goge gilashin kyamara, domin ƙura da maiƙon yatsa sun ɓata hotuna fiye da arhar waya.

Abu ɗaya kuma game da hoton da mutum ke ɗaukar kansa da tsawon hannu. Gilashin waya mai faɗin gani ne, duk abin da ya matso kusa da shi yakan kumbura. Shi ya sa hanci ke girma, kunnuwa su ja baya. A ba wani wayar, ya ja da baya taki 3 ko 4, ya riƙe ta daidai tsayin ido.

Mai karatu zai ce, in haka ne, me ya sa zan biya mai hoto? Gaskiya kayan yau da kullum, waɗanda ke shigowa suna fita, kai ne za ka riƙa ɗauka da wayarka. Amma akwai 'yan hotuna kaɗan da za su yi maka aiki shekara 2 ko 3: wanda zai zauna a kan lambarka, wanda za a buga a allon shago, a katin kasuwanci, a jikin leda ko kwalba, da wanda za ka haɗa da takarda ranar da kake neman rance ko kwangila. Waɗannan sun cancanci hannun gwani. Sai dai ba kowane mai hoton biki ne ya iya wannan aiki ba. Ɗaukar amarya a zauren taro dabam, fito da ƙwayar itacen maɗaci a jikin tebur dabam. Ka ce ya nuna maka aikin da ya yi wa wasu masu sana'a, ka duba ko fatar mutanen ta fito da launinta. Ka ce ya zo shagonka ya gani kafin ranar ɗauka, ya san ta inda rana ke shigowa. Ku zauna ku lissafa abin da za a ɗauka, domin kada a ɓata safiya ana shawara. In kuɗin ya yi nauyi, araha ba ta ado, amma akwai dabara. Mata 5 ko 6 da ke adashe tare, ko 'yan Zumuntar Mata da ke sana'a a unguwa ɗaya, suna iya ɗaukar mai hoto guda na yini ɗaya, ya bi su gida gida, su raba kuɗin.

Kafin a danna kyamara a gama maganar mallaka, gama nan ne rigima ke ɓuya. Yawancinmu muna zaton wanda ya biya shi ne mai hoto. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ce haƙƙin aiki yana hannun wanda ya ƙirƙire shi tun farko, sai in an yi yarjejeniya a kan wani abu dabam. Saboda haka a rubuta, ko da a saƙon waya ne, cewa kana da izinin amfani da hotunan a tallanka, a allo, a takarda da intanet, ba iyakar lokaci. A rubuta hoto nawa za a ba ka, da ranar bayarwa, da ko shi ma zai nuna su a nasa shafin. Haka nan kai ma kada ka sa hoton matar da ka yi wa ɗinki ko kitso sai ta yarda. Yaran da ke koyon aiki a wurinka, a tambayi iyayensu.

Ka kuma gaya masa iyakar gyaran da kake so a kwamfuta. Cire ƙurji ko ƙuda da ya sauka a kan kaya ba kome ba ne. Amma an wayi gari masu hoto da yawa, ko ba a tambaye su ba, sai su wanke mutum ya yi fari, su goge masa duk layin da shekaru suka zana, har tsagar gado takan ɓace. Mun sha ganin kalandar ƙungiya wadda sai an karanta suna kafin a gane shugaba. Ranar da mai saye ya zo tasha karɓar kaya yana neman matashiya fara, ya tarar da dattijuwa baƙa, tambayar da zai yi wa kansa ita ce, in fuskar an gyara, zumar fa? Yanzu kuma ga manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke iya sa wa mutum kwat, su zaunar da shi a ofishin da bai taɓa shiga ba, cikin minti ɗaya. Wayar tarhon nan ce ta shagon mai hoto ta dawo, sai dai wannan karon mai kallo bai san aro ba ne.

Hoto mai kyau yana da nasa haɗari, kuma ba za mu ɓoye ba. 'Yan damfara suna kwashe hotunan masu sana'a na gaske su buɗe shafi da su, su karɓi kuɗin mutane, su ɓace, a zo ana neman mai fuskar. Domin rage wannan, a sa sunan sana'a da lambar waya a jikin hoton, a wurin da in an yanke shi hoton ya lalace, ko kuma a ɗauka allon shago yana fitowa a baya. In ka ji an yi amfani da hotonka, ka sanar da abokan cinikinka nan da nan, ka kai ƙara ga masu shafin da kuma 'yan sanda. A halin tsaro da ake ciki a yankunanmu kuma, masu sana'a a gida su kula da abin da ke shiga hoto ba da niyya ba: ƙofar gida, lambar mota, rigar makarantar yara mai ɗauke da suna, buhunan da aka tara a ɗaki. Mai citta a Kachia ba ya bukatar nuna wa duniya yawan abin da ke rumbunsa, tire ɗaya a kan tabarma ya isa a ga kyawunta.

Sa'ad da aikin ya kammala, kada a karɓi hotunan ta hanyar tura hoto ta yau da kullum a WhatsApp, domin yana matse su ya rage musu ƙarfi. A waya ba za a lura ba, sai ranar da aka kai wa mai buga allo, fuska ta fito dishi-dishi. A ce mai hoto ya turo su a matsayin fayil, ko ta imel, ko ya zuba a filashi. A ajiye a wuri biyu, gama waya tana faɗawa ruwa, ana kuma sace ta a tasha. Keïta ya adana nagatif ɗinsa dubbai shekara da shekaru bayan ya rufe shago a farkon shekarun 1960, shi ya sa da aka zo nemansa daga Turai a farkon shekarun 1990 aka sami abin wankowa. Masu hoton yanzu kuwa da yawa sukan goge katin kyamara da zarar biki na gaba ya zo, don haka wanda bai karɓi nasa cikakke a makon farko ba, in ya koma bayan wata 6 da wuya ya same shi.